Maigadi Ba Ya Tsare Abin da Ba a Ƙirga Masa Ba

Ku ƙannenmu da kuka shigo harkar sayar da motoci, akwai kuskuren da yawancinmu da muka riga ku muka yi, kuma ba ma so ku maimaita. Mun ɗauka da zarar an ɗauki maigadi, an ba shi benci da tocila da gora, shi ke nan an gama da maganar tsaro. Ba a gama ba, domin mutum ba ya tsare dukiyar da bai san adadinta ba.

Ba kasafai ɓarawo ke ɗauke mota sukutum daga fili da dare ba. Abin da ya fi cin jarin dillali shi ne satar kayan jikinta: batir, madubin gefe, fitilun gaba, tayar safaya, jak, ƙwaƙwalwar injin, da kuma tukunyar nan ta jikin salansa da makanikai ke kira indomi. Ita wannan ana farautarta ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su filatinam, kuma mai zarto zai yanke ta cikin 'yan mintuna, musamman a motoci masu tashi daga ƙasa kamar Highlander. Mafi ciwo shi ne sau da yawa ba a bar gurbin a wofi ba. A cire batir sabo a sa gajiyayye, a fasa tukunyar a kwashe cikinta a mayar a liƙe. Sai bayan mako uku mai saye ya zo da makanikensa a gano, a lokacin kuwa wa za ka kama? Maigadin dare zai ce da rana aka yi, yaran wanki su ce haka motar ta zo daga Kwatano.

Maganin wannan matsala shi ne littafin rajista. Ranar da mota ta shigo fili, a rubuta lambar shasinta mai haruffa da lambobi 17, a ɗauki hoton cikin bonet da but da ƙarƙashinta, a sa wa batir da madubai wata alama ta fenti da ku kaɗai kuka sani. Kowace yamma wani daga ofis ya zagaya tare da maigadi, mota bayan mota, a ja kowace ƙofa, a ƙirga, su biyun su sa hannu. Da safe a sake kafin ya tafi gida. Ga motoci talatin aikin bai wuce minti ashirin ba. Maigadin kirki ma ya fi son haka, domin yana wanke shi daga zargin abin da bai ci ba.

Makullai kuwa kada su kwana a hannun maigadi, komai amanarsa. Idan ɓarayi suka ɗaure shi, duk abin da ke aljihunsa nasu ne, kuma ka jefa rayuwarsa cikin haɗari a banza. A sa su cikin akwatin ƙarfe a ofis, kowane da lamba, ba da sunan motar ba. Makullin safaya da takardun kwastam su zauna a wani wuri daban da filin. Motocin da ake tayarwa da maɓalli, a nisanta makullansu da su. Da yamma a jera motoci a matse yadda ba za a iya kwanciya tsakaninsu ba, masu tsada a can ciki, a bar mai kaɗan a tanki, sannan a gitta wata babbar mota a bakin get.

Idan kamfanin tsaro za ka ɗauka, nemi ganin lasisinsa. A Najeriya hukumar Sibil Difens ce ke kula da kamfanonin gadi masu zaman kansu, kuma dokar kamfanonin ta 1986 ba ta yarda ma'aikatansu su riƙe bindiga ba. Aikin maigadi ke nan ya gani da wuri, ya yi kururuwa, ya buga waya. Saboda haka a ba shi waya mai kati da caji, da usur, da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da ta 'yan sintirin unguwa. A cikin yarjejeniya a rubuta ƙarara wanda zai biya idan kaya ya ɓace a lokacin aikinsu, da cewa ba za a canja maka mutum ba tare da sanarwa ba. Ka kuma tambayi maigadin da kansa nawa ke isa hannunsa a wata. Wasu kamfanoni na karɓar kuɗi mai kauri su miƙa masa abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Wanda ke kwana da yunwa a tsakiyar motocin miliyoyi, shaiɗan ba ya shan wahala a kansa. Wanda ka ɗauka da kanka kuma, sai da mai tsaya masa wanda ka san gidansa, da lambarsa ta NIN.

Mutum ɗaya ba zai yi gadin dare da rana ba, barci zai kwashe shi tsakanin ƙarfe biyu da asuba. A sa biyu da dare, ɗaya a get ɗaya yana zagaye a lokutan da ba a saba ba, yana turo hoton bayan fili ta WhatsApp. Fitilun sola sun fi dogaro da wutar NEPA. Kyamara a ba ta nata batir, a ɓoye akwatin da ke naɗar hoton, domin shi ɓarayi ke fara ɗauka, kuma a riƙa duba shi duk mako.

Mota sukutum da rana aka fi sace ta, lokacin sallar Juma'a ko buɗa-baki da fili ke yin fayau, ko a wajen gwaji. Kada mai saye ya fita da mota shi kaɗai. A ɗauki hoton katin shaidarsa, yaronku ya shiga tare da shi, in za su sauya kujera ya kashe injin ya fita da makulli a hannunsa. A umarci maigadi kada ya buɗe get sai da takardar fita mai sa hannunka, ita kuma ba a rubuta ta sai kuɗi ya zauna a asusun banki, ba don an nuna maka saƙon alat a waya ba.