Neman mindar 'yan mazan jiyan Bama: abin da aikin ya koya mini

Akasarin mindar da Ingila ta raba bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, ba a rubuta sunan kowa a jikinta ba. Ta yaƙin farko, na 1914 zuwa 1918, an buga mata suna da lambar soja a gefe ko a baya, amma ta biyun haka aka miƙa ta babu komai. Saboda haka ƙarfen da iyali suka adana a ƙasan adaka ba ya tabbatar da cewa kakansu ne ya ci shi, rashinsa kuma ba ya nuna bai cancanta ba. Hujjar tana cikin takarda, ita kuwa takardar sojan Afirka sau da yawa a gurguje aka cike ta, ana shirin sallamar dubban mutane a lokaci guda.

Ta hanyar karatu na faɗa wannan aiki. Ina bincike ne a fannin tarihi kan sojojin Arewa da suka dawo daga Asiya a 1946, ina so in san yadda suka sake zama cikin jama'a. Da labari ya bazu cewa akwai wani ɗalibi mai tambayar takardun 'yan mazan jiya, sai iyalai suka fara nemana da kansu, kuma ba tarihi ya kawo su ba. Tambayarsu ɗaya ce: mahaifinmu ya ce ya je Bama, me ya sa takardarsa ba ta nuna an ba shi lambar Bama ba, kuma ana iya gyarawa?

Mutanen Kaduna suna wuce barikin Dalet da na Kalapanzin kullum, na Zariya sun san barikin Chindit, a Legas akwai Dodan da Arakan da Myohaung. Duk waɗannan sunaye daga yaƙin Bama suka fito, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Runduna biyu aka haɗa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, da sojojin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Ta 81 ce ta fara isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai dai jiragen sama su jefo abinci da harsashi. Birget ɗinta na 3, wanda bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya suke ciki, an cire shi an haɗa da dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, ya yi yaƙi tare da su a 1944. Ta 82 ta biyo baya a 1944, rundunonin biyu suka haɗu wajen ƙwace Myohaung a watan Janairu 1945. Ban jero waɗannan don ado ba. Wanda bai san wace bataliya ce take ina a wane wata ba, ba zai iya kare haƙƙin soja ko ɗaya ba.

Wata dattijuwa ce ta sa na gane haka sosai. Jikanta ya kai ni gidanta, ta fito da littafin sallamar mahaifinta a naɗe cikin tsumma, gara ta ci gefensa. Akwai lambarsa ta soja mai farawa da NA, wadda ake ba sojojin Nijeriya, akwai shekarar shiga da ta fita, amma gurbin lambobin yabo mindar yaƙi kawai ya nuna. Ita wannan minda duk wanda ya yi kwana 28 cikin kaki a lokacin yaƙin ya cancance ta, ko da bai bar Kaduna ba. Tauraron Bama, wato mindar yaƙin Bama, mai ƙyalle shuɗi da ja a tsakiya da ratsin ruwan goro, sharaɗinsa ga sojan ƙasa shi ne ya taka fagen yaƙin Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, ko na yini ɗaya ne. Tauraron 1939 zuwa 1945 kuwa yana neman wata shida a fagen daga, sai dai in rauni ne ya katse wa mutum aikinsa. Idan har tsohon ya je inda ya ce ya je, taurari biyu ne suka ɓace daga littafinsa.

Wurin da aka rubuta rukunin da ya yi aiki a cikinsa ruwa ya taɓa shi, tawada ta narke. Na ce, "Iya, ko kin tuna wani abu da Baba ya dawo da shi?" Ta ce, "Ɗan nan, ni lokacin ina yarinya. Abin da na sani, akwai wani ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo da yake hana mu taɓawa." Ita ba ta ɗauki maganar a bakin komai ba. Amma gizo-gizo shi ne tambarin runduna ta 81. Tambarin ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye kan gammo. Da wannan magana ɗaya ta rage mini rabin aikin, domin na san kundin wace runduna zan buɗe. Tun daga nan, in na je gida ba na fara tambayar shekara ko sunan gari, don su ne suka fi saurin rikicewa a bakin mutane. Nakan tambayi abin da aka gani da ido: tambari, tabon rauni, kalmomin Indiyanci da tsoho yake yawan furtawa, sunan Baturen da yake ambata in ya yi fushi. A jami'a an koya mana mu riƙa tuhumar labarin baka, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ba a faɗa mana yadda ƙaramin abin da mai labari bai san amfaninsa ba yakan fi babban labarin da ya saba bayarwa aminci.

Suna kuwa ba abin dogaro ba ne. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari, ko garin da aka ɗauki mutum, ko wanda ya ga dama ya faɗa. Sai ka tarar da mutane da yawa masu suna iri ɗaya a bataliya guda, ga kuma rubutun Turawa da ke juya Mamman ko Garba ta hanyoyi daban-daban. Shekarun haihuwa ma da ido likita yake ƙiyastawa. Lambar soja ce kaɗai ba ta da ta biyu. Iyalin da suka riƙe lamba, ko a bayan tsohon hoto ne ko a katin fansho ko a rajistar ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, suna da igiyar da za a ja. Waɗanda suna kawai suka kawo, nakan gaya musu tun farko cewa hanyar tana da nisa, don kada in ɗora su a kan tsammanin da ba zan iya cikawa ba.

Daga lamba sai rukuni, daga rukuni sai kundin yau da kullum da kowace bataliya take rubutawa a fagen daga. Na yankin Kudu maso Gabashin Asiya suna gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew, a jerin da ake kira WO 172. Karanta hotunan shafukansu ya yi mini nauyi a zuciya. In Bature hafsa ya ji rauni za ka ga sunansa da muƙaminsa. In sojojin Afirka ne, yawanci adadi kawai za a rubuta: an kashe kaza, kaza sun ji rauni, kaza sun ɓace. Mutumin da yake da uwa da mata a Gwandu ko Katagum ya zama ɗaya cikin adadi. Wannan ba zargi ba ne daga bakina ni kaɗai. A watan Afrilu 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba, har sakataren tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Don haka mai bincike ba ya sa ran ganin sunan farabiti a kundin. Abin da zai yi shi ne ya nuna cewa mai wannan lamba yana cikin wannan rukuni daga watan kaza zuwa watan kaza, sannan ya nuna rukunin yana Kaladan a cikin waɗannan watanni.

Mahaifin dattijuwar nan, da aka bi sawu, ashe yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya ne. Da na faɗa wa jikan sai na ga jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Malam, ke nan ɗan dako ne kawai, ba soja ba?" Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, don na san ba shi kaɗai yake tunanin haka ba. Soja ne cikakke, mai lamba, mai kaki, a ƙarƙashin dokar soja. Dalilin da ya sa aka iya tura rundunar cikin duwatsu da ƙungurmin dajin da mota ba ta shiga, har alfadari ma yana shan wuya, shi ne akwai mutanen da za su ɗora harsashi da igwa a wargaje da na'urar oba-oba a ka, su hau tudu cikin ruwan sama, su kuma sauko da masu rauni a kan makara. Da yawansu babu bindiga a hannunsu, adda kawai, alhali harsashin Japanawa bai san mai bindiga da mai gammo ba. Ƙa'idar tauraron Bama ba ta tambayi abin da mutum ya riƙe ba, inda ya taka ta tambaya. A ganina su ne suka fi buƙatar a bi musu haƙƙi, domin su ne aka fi saurin mantawa, har a cikin gidajensu.

Akwai ɗaya ɓangaren da ya fi wuyar faɗa. Wasu iyalai sukan zo da yaƙinin cewa kakansu ya sami lambar jarumta, an ce Sarkin Ingila da kansa ya maƙala masa. Lambar jarumta ba kamar ta halartar yaƙi take ba: hafsa ne yake rubuta shawara, a amince, a buga sunan a jaridar gwamnati ta London Gazette, kuma ana buga sunan mai ita a jikinta. Yawancin takardun shawarar suna Kew a jerin WO 373. 'Yan Nijeriya sun same ta, ba shakka. Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, yana cikinsu. Amma in an duba ba a ga sunan mutum ba, ba na yarda a sa ta cikin takardar neman gyara, ko da iyali sun matsa. Wani ya taɓa ce mini, "Ka sa mana, in sun ba mu shi ke nan, in sun hana ba mu yi asara ba." Akwai asara. Jami'in da ya kama da'awa ɗaya maras tushe a wasiƙa zai dubi sauran da idon tuhuma, kuma ba mai wasiƙar kaɗai zai shafa ba, har iyalan da za su rubuto bayansa daga gari ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban da haka ma, tsohon da ya ratsa Kaladan da ƙafarsa ba ya buƙatar a yi masa ƙari.

Wasiƙar kanta gajeriya ta fi aiki. Lamba da suna kamar yadda suke a littafi, rukuni da watanni, lambar da ake nema da sharaɗin da ya cika, sai kwafin takardu, da shaidar mutuwa, da takardar rantsuwa ta kotu mai nuna dangantakar mai nema da mamacin. Ba a aika ainihin littafin sallama ko'ina, komai daɗin bakin wanda ya nema. Hoto ake ɗauka shafi-shafi, har da shafukan da ba a rubuta komai ba. Ɓacin rai, duk da yana da dalili, ba ya shiga wasiƙar farko. Amsa takan daɗe, wani lokaci kuma ofishi ya tura ka wani ofishi, wancan ya ce takardun ba a wurinsa suke ba. Nakan ajiye kowace amsa a fayil, har ta ƙin amincewa, domin ita ce take nuna wace hujja ce ta rage. Kuma ƙofar ba a rufe take ba. A watan Nuwamba 2023, a maƙabartar sojoji ta Kariokor da ke Nairobi, Sarki Charles ya miƙa wa wasu tsofaffin sojojin Kenya sababbin minda a madadin waɗanda suka rabu da su a zamanin tawayen Mau Mau. Abin da aka yi wa na Kenya bayan kusan shekara 80, babu dalilin da zai hana a nema wa namu.

Fayilolin da suka fi tsaya mini yanzu su ne na mutanen da suka ƙetaro daga ƙasar Faransa, daga wajen Damagaram da Maraɗi da Chadi, suka shiga sojan Ingila da sunan wani gari na Nijeriya. Bayan sallama da yawansu sun koma gida, littafin yana cewa mutumin Katsina ne ko Kano, 'ya'yansa kuma suna riƙe da takardun Nijar da wani suna daban. Kafin a kai ga maganar tauraro, sai an fara tabbatar da cewa mai wannan lamba da mahaifin waɗannan mutane mutum ɗaya ne, kuma dattawan da za su iya tsayawa gaban alƙali su ba da wannan shaida 'yan kaɗan ne suka rage. Shi ya sa a wannan ranin na ajiye rubutun wasiƙu gefe, ina bin ƙauyukan bakin iyaka ina ɗaukar muryarsu tukuna.