Neman salsalar gidanmu a gefen Mayo Kebbi

A watan Oktoba, lokacin da ruwa yake janyewa daga fadamu, na tashi daga Garwa, a arewacin Kamaru, da niyyar rubuta salsalar gidanmu daga bakin goggona, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kakanmu. Ranar ta faɗo Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, saboda haka motar da na shiga ta cika maƙil da 'yan kasuwa da kayansu. Daga Pitowa na hau babur muka nufi gefen kogin Mayo Kebbi, inda taɓo ya tilasta mana sauka mu tura har sau biyu.

Tun muna yara ake gaya mana cewa mu jinin sarauta ne daga Kano, kuma da wannan zancen na buɗe hira bayan sallar isha. Goggo ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Ɗana, in dai sarautar jakai ce, to, kun gada." Kakanta falke ne mai kawo kanwa da baƙaƙen tufafi, wanda jakunansa suka mutu a wata damina, kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana, sai ya roƙi jauro, wato mai gari, ya yanka masa daji. Ba ta lissafi da shekaru. Cewa ta yi abin ya faru kafin Jamus su ci Garwa, wato kafin 1901.

Limamin ƙauyen ya nuna mini wata takarda da aka rubuta da ajami, mai ɗauke da sunayen maza zalla, wane ɗan wane, har hawa huɗu. Na kwafa, amma Goggo ba ta ɗauke ta da muhimmanci ba, domin a wurinta salsala a gona take. Da sassafe ta dogara sanda ta kai ni karal, baƙar ƙasar laka da ake dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta bayan damina. Na tarar da jikoki suna huda ƙasa da sanda mai tsini, yara suna bi suna zuba ruwa a kowane rami, ana sa dashe biyu biyu, kuma daga nan ba za a sake ba shi ruwa ba har girbi a tsakiyar rani. Daga tsamiya zuwa giginya rabon babban ɗa ne, daga giginya zuwa bakin kwari na mai bi masa, kuma a kan kowace iyaka sai ta tsaya ta jero wanda ya haifi wane da wadda ya aura.

A nan na ji abin da takardar liman ta tsallake. Falke bai san masakwa ba. Matarsa, Babarbariya, ita ta zo da irin daga wajen danginta, ta nuna masa yadda ake yayyafa shi da lokacin da ake cirewa a dasa. Gero da gyaɗa kawai ya sani, kuma da su kaɗai da wuya gandun ya riƙe 'ya'ya huɗu.

Sauran labarin na watsewa ne. Zuriyar ɗa na uku ta koma noman auduga, musamman bayan kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974. Da aka gama madatsar Lagdo a 1982, ambaliyar Binuwai ta ragu, wasu gonakin suka daina jiƙa, mahaifina ya bar rabonsa ya koma Garwa.

Na nemi sunan matar falke domin in sa shi a saman shafi. Goggo ta ce Iya kowa yake kiranta, ba ta taɓa jin wanda ya ambaci sunanta na yanka ba, sai dai akwai wata tsohuwa cikin danginmu a Lere, can cikin Chadi, wadda aka sa wa sunanta. Na bar gurbin babu komai, na tambayi mai babur nawa zai kai ni bakin iyaka.