Ba kowane baƙin katako ba ne kirya

Wani yaro na gani a kasuwar Panteka yana cinikin katako baƙi wuluk, wai kirya ce, ya ɗauki hotonsa da waya yana tambayar abokai. Ko ɗaga shi bai yi ba.

Ni ma na taɓa sayen irinsa. Maje ne aka shafe da baƙin mai, na yi ƙofa da shi, damina ɗaya ta kumbura, gara ta ƙarasa sauran. Ba zan ce duk laifina ba ne, a lokacin ba mai nuna maka, kuma da magariba aka kawo shi. Amma dai nauyinsa ya isa ya faɗa min gaskiya, arha ce ta rufe min ido. Da na samu kiryar gaske kuma na sake wani wautar: na yi aiki da ita ɗanya, hunturu na shigowa ta tsattsage. To mai kaya yana gaggawa, ya zan yi?

Ku samari, launi ba shaida ba ne. A yanke bakin katakon da zarto, ko a kankare da wuƙa. Wanda aka shafe da mai, cikinsa fari ne. Kirya kuwa ja ce mai duhu har can ciki, ga nauyi, farce ba ya yi mata alama. Shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke neman gawayinta. Madobiya ta fi ta haske, ruwan ƙasa ce mai ratsi-ratsi, ɗanyen ɓawonta yana zubar da jan ruwa kamar jini. Tun 2017 aka sa ta cikin jerin CITES na itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa Sin. Kanya, zuciyar tsohuwar bishiya ce kawai ke yin baƙi. Farin gefen kowannensu a yar, shi ƙwari ke fara ci.

Bushewa ita ce wahalar. Kaurin inci 1, a ba shi kusan shekara 1 a inuwa, a jera da ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a shafe bakunan biyu da fenti, domin ta nan tsaga ke farawa. Kada a buga wa kirya ƙusa kai tsaye, lanƙwashewa za ta yi ko katakon ya tsage. A fara hudawa tukuna. Zarto kuwa sai wasawa a kai a kai.

Da na so in ce ku nemi kirya don ƙofa da turaku. Amma wanda ba ya iya jiran sati ɗaya, ina zai jira shekara? Ku tsaya a maɗaci da malaina har hannunku ya faɗa. In kuwa kun samu busasshiya a farashin kirki, ku saya ku ajiye, kullum raguwa take yi a daji.