Matsakaicin zango a hanyar Kamba

Bayan sallar isha'i yau motarmu ta tsaya a Bunza, sai na fito da ƙaramin akwatin rediyona na murɗa matsakaicin zango. Na wuce Rediyon Kaduna a kilohaz 594, ina juya akwatin a hankali tunda eriyarsa a ciki take, har muryar mai karanta labarai ta taso da Larabci daga Aljeriya, ta nutse, ta sake tasowa. Da rana sararin sama yana shanye wannan zango, amma da dare yakan mayar da shi ƙasa, har ya tsallake Sahara.

Abin da ke damuna shi ne ana ta rufe irin waɗannan tashoshi, alhali FM da intanet ba su kai ƙauyukanmu da yawa ba.