Yadda na jefa itacen oak cikin giyar da nake dafawa a gida

Ni dai ɗan Bawku ne amma a Kumasi nake zaune, wajen Aboabo, kuma gidanmu tun ina yaro pito, wato giyar dawa, ake dafawa, don haka tsiron dawa da warin tukunya ba baƙon abu ba ne a wurina. ('Yan uwa Musulmi ku yi haƙuri, na san wannan hirar ba taku ba ce.) Abin da ya kai ni ga oak, wato itacen da Turawa ke yin gangar ajiye giya da shi, shi ne wani abokina da ya dawo daga Ingila ya kawo min ƙunshin ɓarɓashinsa, ƙanana ƙanana, an gasa su sun yi ja-ja, kana buɗe ledar sai ƙamshin banila ya buge ka.

Toh abin da mutane ba su gane ba, oak ɗin ma iri iri ne. Farin oak na Amurka, wanda ake yin gangar bourbon (wiskin Amurka) da shi, shi ne mai ƙamshin banila da kwakwa, na Faransa kuwa ya fi sanyin hali, ƙamshinsa kamar na kayan yaji kuma ya fi bauri. Sai kuma yadda aka gasa shi, akwai wanda wuta ta ɗan taɓa, akwai matsakaici, akwai wanda ya kusa ƙonewa mai warin kofi da hayaƙi. Nawa na Amurka ne matsakaici.

Da farko na so in gwada a pito, na je wajen gwaggona da take dafawa har yanzu, ta juya itacen a hannu ta shinshina ta ce "kai yaro, pito yana jiran mutum ne?" Kuma gaskiyarta, pito ana shansa ne yana kan tashi a ƙwarya, kwana kaɗan ya yi tsami ya wuce, shi kuwa itace sai ya jiƙu ya daɗe kafin ya saki abin da ke cikinsa. Don haka na koma kan biya mai duhu wadda nake yi da malt, wato tsiron sha'ir, da ɗan tsiron dawa da hops, furen da ke sa wa biya ɗaci, ita tana iya zama a rufe ba ta lalace ba.

Awon da masu yi suka saba shi ne giram 30 zuwa 60 a lita 19, ni a ƙasa na tsaya, 30, don ƙari ba wuya amma cirewa babu hanya. Na turara ɓarɓashin kamar minti 15 a kan tafasasshen ruwa saboda ƙwayoyin cuta (wasu a wiski suke jiƙawa, na ji ma ana sa akpeteshie, barasar gida ta Gana, amma ni warinsa yana danne komai), na ƙulle a farin ƙyalle mai tsabta, sai da yis ya gama aikinsa kumfa ta kwanta sannan na jefa. Daga nan ɗanɗanawa ce kawai, kullum da safe cokali ɗaya. Kwanakin farko katako zalla za ka ji har ka ce ka ɓata kayanka, can sai banilar ta fara leƙowa, kuma ranar da ka ji bakinka ya fara kamewa kamar ka tauna goro, toh ranar ce za ka tsamo shi, kar ka ce bari gobe. Ɓarɓashi sauri gare shi, sati ɗaya zuwa biyu ya gama, guntayen oak masu kusurwa huɗu kuwa sai sun yi makonni ko watanni amma ɗanɗanonsu ya fi laushi. Zafin garin nan ma yana ƙara masa gudu, shi ya sa nake ajiye galan ɗin cikin baho da ruwa in rufa jiƙaƙƙen tawul.

Wani maƙwabcina ya ce me zai hana mu je Sokoban, wajen masu aikin katako a Kumasi, mu kwaso guntayen katako kyauta, na itacen odum ko na wanda ake kira wawa, ai duk itace ne. Na ce masa Masta, katakon kafinta ba ka san irin maganin gara da aka fesa masa ba, kuma ƙurar odum kaɗai tana sa masu aikinsa tari da ƙaiƙayi, ni ba zan zuba wa cikina ba. Ko oak ɗin ma in dai daga tsohuwar kujera ya fito akwai fenti da baanish, man sheƙin katako, a jiki, a bar shi a kujerar.

Bayan na zuba a kwalabe na bar su wajen wata ɗaya baurin ya ragu sosai, ƙamshin ya haɗu da na malt ɗin. Ɓarɓashin da na tsamo na shanya na sake amfani da shi, karo na biyu ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, sai na bar shi ya fi daɗewa a ciki.