GDB da rigimar kibod

Wallahi yau GDB, manhajar nan ta gano kurakurai a cikin firogiram, ya sa ni zufa. Ina gwada yadda yake karɓar abin da mutum ya buga a taminal (tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni) ne, in da hannu na buga komai lafiya lau, kibiyar sama ta dawo min da umarnin baya, Tab ya ƙarasa min kalma, amma da na tura masa umarni ta bututu (pipe, wato daga wani firogiram maimakon kibod) sai ya canza hali kamar ba shi ba. Ashe dubawa yake ko taminal na gaske ne a gabansa, in ba shi ba ne sai ya ajiye Readline, abin da ke kula da su kibiya da Tab ɗin, gefe. Ga kuma wata, shi da firogiram ɗin da nake bincika ta ƙofa ɗaya suke karɓar abin da aka buga, to layin da na tura wa zai ɗauka? Ctrl-C ma ta bututu baiti ne kawai mai lamba 3, direban taminal ne ke mayar da shi SIGINT, siginar da ke katse firogiram.

Dole na koma pexpect na Python, shi yana buɗe taminal na bogi. Su kansu masu GDB ai da manhajar gwaji ta DejaGnu suke gwajinsu, wadda aka ɗora kan Expect, shi ma mai buɗe taminal na bogi. Firogiram ɗin kuwa na ware masa nasa fayil ɗin da zai karanta, da umarnin run < shiga.txt.

Masu LLDB, takwaran GDB, haka yake muku ku ma?