Neman kwale-kwalen da zai ɗauke ni a Yamai

Duk ɗan Yawuri da ya sauka Yamai, kogin Isa, wato Neja, shi ne zai fara kwantar masa da hankali. Ruwan da ke bi ta ƙarƙashin gadar Kennedy shi ne dai zai gangara Gaya, ya shiga Najeriya, ya wuce ta ƙofar gidanmu. Halinsa ne ya bambanta. A wajenmu, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan ya baje ya zama tafki, iska da igiyar ruwa su ne abin tsoro. Nan kuwa gudu yake yi, ga tsibirai, ga tudun yashi da ke sauya wuri, ga kainuwa tana naɗe filafili.

Aiki ne ya kawo ni, a rumfar wani maigida a kasuwar Katako. 'Yar nairar da na zo da ita ta narke a hannun 'yan canji, sannan sai da na koyi lissafi da dala da jikka kafin na iya ciniki. Amma wanda ya tashi da birgi, wato tarun jifa, a kafaɗa ba ya iya zama yana kallon ruwa. Ina son kifin miya, ina kuma son abin da zan ƙara a kan albashi.

Ni mutum ne mai jiki, na haura kilo 120. Ƙananan kwale-kwalen da ake su da su a nan sirara ne, an yi su don wanda zai tsuguna a baya ya tafi kamar kibiya. In na shiga na aro, abin da ke rage tsakanin ruwa da bakin jirgin bai fi yatsu uku ba. Shi kuwa jifan birgi sai ka miƙe tsaye, ka murɗa jiki, ka saki da ƙarfi.

Wani tsohon masunci Basarke a unguwar Gamkalle, mai jin Hausa da Zabarmanci, shi ya riƙe hannuna. Da na nuna masa wani dogo mai sabon fenti, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, bar kallon tsawo, duba gindin." Na ce, "Baba, ai dogo ya fi ɗaukar kaya." Ya ce, "Kaya ba ya motsi, kai kuwa za ka motsa."

Wanda aka sassaƙa daga gungume ɗaya ƙasansa a zagaye yake, mirginawa yake yi da mai nauyi. Na katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, mai faɗi a tsakiya, shi ke zama daram. Sai kuma wurin zama: Baba ya sa aka cire katakon da ke can sama aka mayar da shi kusa da ƙasan jirgin, domin in nauyi ya yi sama, kifewa ba ta da wuya.

Gwajinsa ma ban taɓa ganin irinsa ba. Muka ja jirgin zuwa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, na shiga, aka ɗora jarka biyu cike da ruwa, kowace lita 25, wato kilo 50 ke nan a madadin jiƙaƙƙen taru da kifi. Ya ce in karkata gefe kamar mai jawo giwan ruwa. Shi kuma yana tsaye a ruwa, ya ɗora hannu yana auna abin da ya rage. In bai kai taƙi guda ba, sai mu wuce gaba.

Sabo ya fi ƙarfina, don haka na hannu muka nema. A nan zamana a Katako ya yi min rana. Jan katako irin maɗaci yana jure ruwa amma da tsada. Farin katako da araha, ruɓewa kuma ba ta yi masa wuya. Wanda muka saya ƙasansa da haƙarƙarinsa ja ne, gefensa fari. Baba ya bi mahaɗar katakan da tsinin wuƙa yana neman inda ya yi laushi, muka bar shi ya kwana a ruwa don mu ga yawan yoyonsa, sannan aka cusa tsumma aka bi da kwalta. Inji kam ban ko taya ba. Kuɗinsa ya fi na jirgin, ga mai, kuma nauyinsa a baya zai haɗu da nawa.

Faɗin nan yana da wahalarsa, ba zan ɓoye ba. Jirgin ba ya sauri, haura ruwa da shi sai da gumi, iska ma takan juya shi. Amma kogin Isa a Yamai cika biyu yake yi. Akwai jan ruwan Agusta da Satumba da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa daga wajen Burkina Faso, wanda a 2020 ya kai santimita 700 ya mamaye unguwannin Harobanda irin su Lamorde. Sai baƙin ruwan Gini da ke isowa wajen Disamba da Janairu. Da rani kuma yakan janye sosai, a 1985 ma tsayawa ya yi cak. Shimfiɗaɗɗen ƙasa yana wucewa ta kan yashi inda wani zai kafe. Lokacin jan ruwa kuwa gefe nake bi, ba na tsallakawa, inda aka ce akwai dorina kuma ba na kusanta.

Rigar ruwa ce ban yi tsimi a kanta ba. Mu mutanen Kebbi ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a Mayun 2021 da ɗimbin 'yan kasuwa ba. Samun wadda za ta ɗaure a ƙirjina ya ɗauki lokaci, don ƙarama ba ta da amfani ga mai jiki.

Baba ne kuma ya raka ni wurin jami'an gandun daji na karɓi takardar izinin kamun kifi, ya gabatar da ni ga masuntan mashigin, tunda baƙo ba ya jefa birgi inda bai yi sallama ba. A wurinsa nake ɗaure jirgin. In na dawo da karfasa ko kurungu, nakan ware na gidansa, jikokinsa kuma suna koya min ƙirga da Zabarmanci. In ruwa ya janye bana, za mu fito da jirgin tudu mu sauya katako biyu na gefen hagu da ja.